Daga Zangon Kumasi zuwa adabin Punjabi: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kammala digirin farko a fannin adabi, kuma burina shi ne in zama malamar jami'a mai kwatanta adabin al'ummomi, musamman tarihin adabin Punjabi, sai dai iyayena suna ganin na ɗauko abin da bai shafe mu ba. Ta ina zan fara? Daga wata ɗaliba a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki fara da harshen, kuma ki koyi rubutunsa duka biyu: Gurmukhi, wanda ake amfani da shi a Indiya, da Shahmukhi mai haruffan Larabci, wanda ake rubutu da shi a Pakistan. An raba ƙasar Punjab tsakanin Indiya da Pakistan a 1947, amma adabinta ya girmi wannan iyaka da ɗaruruwan shekaru. Baitukan Baba Farid, shehin Sufaye Musulmi na ƙarni na 13, an adana su ne a littafin addinin Sikh da Guru Arjan, ɗaya daga cikin jagororin addinin, ya tattara a 1604, alhali ƙissar soyayya ta Hir da Waris Shah ya waƙe a 1766 ta fito daga hannun malami mai rubutu da haruffan Larabci. Wanda ya iya rubutu ɗaya kawai rabin tarihin zai karanta. Daga baya za ki buƙaci Farisanci.

Batun iyayenki kuwa, ki gaya musu cewa abin ya shafe mu ƙwarai. Bayan Turawan Ingila sun ci Punjab a 1849, Urdu suka mayar harshen ofis da makaranta, duk da haka waƙoƙin Punjabi suka ci gaba da yawo a kasuwanni da hubbaren waliyyai. Duk wanda ya san yadda ajami ya rayu a gefen boko, ko ya ji waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, zai gane wannan labari nan take, kuma a ganina nan ne ƙarfinki yake.

Ba zan ɓoye miki ba, guraben koyar da Punjabi zalla kaɗan ne a wajen Indiya da Pakistan, kuma sai da digiri na uku da maƙaloli ake samun su. Saboda haka kada ki saki Hausa. Ki gina digirinki na biyu a kan waƙoƙin ajami, ki duba tsofaffin rubuce-rubucen da ke Cibiyar Nazarin Afirka a Legon, sannan ki nemi mai duba bincikenki a Patiala ta Indiya ko Lahore ta Pakistan, inda ake da sassan nazarin Punjabi.