Bankwanan mai zuwa Makka

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce me ya sa sai mahaifiyarka ta bi gida-gida daga unguwar Birni har Zango a nan Damagaram tana neman gafara, har da barin wasiyya, alhali daga Yamai zuwa Jidda 'yan awoyi ne a jirgi.

Lissafinka daidai ne. Daga filin jirgin Diori Hamani zuwa na Sarki Abdul'aziz kilomita 4,000 ne ko sama da haka kaɗan, jirgin da bai yada zango ba kuma yakan ci su cikin awa biyar zuwa shida. In ka sauka sai ka ƙara wa agogonka awa biyu, don can sun riga mu ganin rana. Abin dariyar ma, kilomita kusan 900 da ke tsakanin Damagaram da Yamai sun fi cin lokaci. Shekarar da na je, mun tashi tasha da asuba, sai da dare muka shiga Yamai, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Amma bankwanan ya girmi jirgi. Kakanmu da ƙafa ya tafi, shi da jakinsa. Ta Gure suka bi, suka kewaye tafkin Cadi, sai Abeshe, sai Darfur. Inda guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙodago, wasu har tsinkar auduga a Jazira ta ƙasar Sudan, kafin a kai Sawakin a ƙetare Bahar Maliya. Shekara bakwai ya yi. Da ya dawo, 'yar da ya bari a goye ita ta kawo masa ruwa, ba ta san shi ba. Abokan tafiyarsa kuwa wasu sun rasu a hanya, wasu sun yi zamansu a Sudan, jikokinsu na can suna jin Hausa har yau. Mai irin wannan tafiya dole ya biya bashi, ya mayar da ajiya, ya faɗi wanda zai riƙe masa gida.

To jirgi ya rage hanya, ban musa ba. Sai dai wanda ka ɓata wa rai bara, ransa bai yi sanyi don an ƙera jirgi ba. Kuma ko yanzu akwai mai tafiya bai dawo ba: zafin Mina da cunkoson jifa ba wasa ba ne ga tsoho. Abin da ni ma ban yarda da shi ba shi ne dafe-dafen da ake ci bashi a yi, mutum bai ko tashi ba an cinye rabin guzurinsa. Wannan ƙari ne na zamani, ka hana in ka iya.

Ranar Laraba ka zo da babur ka kai ta gidan gwaggonka. Shekara biyu ke nan ba sa magana saboda gonar nan, kuma ita ce ta ce can za ta fara. Ka ajiye ta a ƙofar zaure, kada ka shiga.