A-kori-kurata na shaƙewa, zan iya sauke tankin da kaina?

TAMBAYA: Malam, ina ɗaukar buhunan gero zuwa kasuwar Maigatari. Tun da na zuba man bumburutu motar ke shaƙewa a hanya. Bakanike ya ce datti ne ya taru a tanki. Zan iya sauke shi a gida? Direba daga Gumel.

AMSA: Za ka iya, Malam, amma da mataimaki. Fara cire baƙar wayar batir, don tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. A fili za ka yi aikin, nesa da murhu da masu shan taba. Zuƙe man da famfon hannu, ban da sa baki a tiyo, domin fetur na iya shiga huhu. Lita 60 kuwa ta kai kilo 45, ba abin da za a tare da ƙirji ba ne.

Ka datse tayoyi da duwatsu, ka tallafe tankin da jak, da faffaɗan katako a tsakani. Cire tiyon zuba mai, sannan ka kwance notocin ɗamarar da ke riƙe da shi. Idan sun yi tsatsa, jiƙa su da baƙin mai tun dare. Sassauto shi kaɗan, ka cire sauran tiyoyi da wayar gejin da ke nuna yawan mai kafin ka sauke gaba ɗaya.

Idan ka ga huda a tankin, kada ka yarda mai walda ya kusance shi da wuta. Tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa.