Ki bar ta ta karanta, amma ki tace mata

Hajiya, kin ce ɗiyarki 'yar shekara 12 ta kamu da labaran sihiri da na duniyar da mulkin zalunci ya lalata, ko ki hana ta? Kada ki hana. Faransancin da take sha a ciki zai yi mata rana a jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare.

Sai dai ba duka ne ɗaya ba. Na dodanni da matsafa da sauƙi. Na zaluncin kuwa akwai jini: a littafin Hunger Games yara 24 ake zubawa a fage, dokar ita ce ɗaya kaɗai zai fita da rai. Irin wannan ki jira ta kai 14. In a laburaren Alliance, cibiyar koyar da Faransanci ta Garwa, za ki aro, duba lambar da ke bangon littafin, domin wasu labaran a jere suke zuwa, wanda ya fara da littafi na 2 ba zai gane kan labarin ba.