Kafin Ka Mayar da Kayan Babanka Cikin Kwamfuta

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce kwamfutar marigayi babanka ta yi nauyi, ga shi kuma Microsoft ta janye hannu daga Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi ne ka kai ta wurin mai gyara, ya kwashe abin da ke ciki ya zuba a faifan ajiya na waje, ya yi mata fomatin, wato ya goge duk abin da ke cikinta, ya sa sabuwar Windows. Yanzu faifan na hannunka, kana tambaya: a al'adarmu, kayan mamaci mayar da su ake yi yadda ya bar su, ko zaɓe ake yi a share sauran?

Sai da na dara. Al'ada da kwamfuta! Kakanka ko rediyo sai da aka yi da gaske ya yarda ta kwana a ɗakinsa. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin tambayar taka ihu bayan hari ce. Wa ka shawarta kafin ka saɓi kwamfutar nan ka fita da ita? Mahaifiyarka ko takaba ba ta fita ba, ba a zauna rabon gado ba, kuma kwamfutar da abin da ke cikinta ba naka ba ne kai kaɗai. Ƙannenka mata na da haƙƙi a ciki, har autarku da ba ta san ana yi ba. Na san gyara ka nufa, Allah Ya yi maka albarka. Gaggawa ce dai ka yi.

Lokacin da Malam ya rasu, wato kakanka, a 1974, ina saurayi, babanka kuwa ko makarantar boko ba a sa shi ba. Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce, kowa hannunsa a ƙuntace, mai bin bashi ba ya jin kunyar zuwa gaisuwa da maganarsa a baki. Malam fataucin goro yake yi, ana ɗauko masa daga Shagamu, yana ba 'yan kasuwa bashi su sayar su kawo kuɗi, shi ma akwai masu binsa. Duk lissafin nan yana cikin wata adakar katako a ƙuryar turakarsa, makullin kuma na wurin Inna, ɗaure a bakin zaninta. Har aka yi sadakar arba'in ba wanda ya taɓa adakar. Yayanmu babba ya so ya leƙa, Inna ta ce masa ko ita da makullin ke jikinta ba ta isa ba.

Ranar buɗewa aka fito da ita zaure, mutum biyu suka ɗauko. Ga liman, ga mai unguwa, ga Baffanmu ƙanin Malam, mu yara muna raɓe a bakin ƙofa. Da aka ɗaga murfin ƙamshin turare da kanumfari ya cika zauren, har wani ya fara share hawaye. A sama riguna ne da rawuna. Ƙarƙashinsu gafaka da Alƙur'aninsa. Can ƙasa kundin bashi, rubutun ajami da tawadarsa ta gida. Baffa ya sa hannu zai ɗago shi, sai rabinsa ya zube kamar gari. Gara ta shigo ta gindin adakar, ta cinye gefen da ake rubuta kuɗi, ta bar gefen sunaye. Suna na nan, abin da ake binsa babu.

Nan fa zaure ya ɗauki hayaniya. Wanda Malam ke bin fam ashirin ya ce fam biyar ne ya rage. Wani da ba mu taɓa gani ba ya ce shi yake bin Malam. Liman yana ta "a ji tsoron Allah", ba mai saurare. Aminin Malam, wani dattijo daga unguwar da ke maƙwabtaka da mu, yana zaune bai ce uffan ba sai da aka gaji. Sannan ya kira ni, ya ce in ruga gidansa in ce wa uwargidansa ta ba ni jakar fatar da ke rataye a bayan ƙofa. Ashe duk shekara, in Sha'aban ya kama, Malam kan sa wani almajiri mai kyan hannu ya kwafe masa kundin kaf, su zauna ɗaya na karanta na asali da ƙarfi ɗaya na bi da yatsa a kan sabon, sannan ya kai sabon gidan amininsa. Ba a gidanmu yake barinsa ba, domin garar da ta ci ɗaya ita za ta ci ɗayan.

Har magariba ana karatu. A kira suna daga guntun namu, a nemo shi a na aminin, a faɗi kuɗin. Malam bai taɓa yarda da naira ba, ko da yake tun 1 ga Janairu 1973 aka sauya kuɗi, shi da fam da sule yake rubutu, don haka ni aka sa nake juyawa: fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kobo goma. Mai fam biyar ɗin nan ya sunkuyar da kai. Baƙon nan kuwa ashe gaskiyarsa ce, sunansa na nan da abin da yake bi. Abin da Malam ya yi bayan Sha'aban na ƙarshe ne kawai babu a kwafin, wannan sai da shaidu da rantsuwa aka warware shi, kuma har yau ban tabbata ba a ci wani ko wani bai ci mu ba. Akwai kuma wani ƙullin tsumma mai mundaye na azurfa, yayyenmu mata har sun fara raba shi da ido. Kwafin ne ya nuna ajiyar wata tsohuwa ce da ta ba Malam amana. Washegari Baffa da kansa ya kai mata.

Baffa kan ce dukiyar mamaci hawa-hawa take: a fitar da kayan mutane, a yi masa sutura, a biya bashi, a cika wasiyya in ba ta wuce sulusi ba, abin da ya rage shi ne gado. Ya ce wanda ya fara daga ƙarshe wuta ya ɗebo. Liman kuma ranar nan ya tuna mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. To babanka ma mai rubutu ne, na san halinsa, a kwamfutar nan yake lissafinsa. Ka ce za ka share abin da ba shi da amfani. Ta yaya za ka gane marar amfani? Fayil ɗin da ka ga an rubuta masa "sabo2" yana iya zama shi ne takardar filin wani.

Kada ka ce tsoho bai san kan abin ba. Aikin akawu na yi har na yi ritaya, a gabana aka kwashe tafireta aka kawo kwamfuta, muna ajiya a fulofi mai cin megabait 1.44, yau ka sa gobe ya ƙi buɗewa. Saboda haka ji nan. Faifan da ke hannunka, kafin komai ka sami wani ka kwafe shi kaf, ka kai na biyun ɗakin mahaifiyarka ko ka kawo mini. In ka zo mayarwa, kwafa za ka yi, kada ka yanke, don na asali ya zauna daram. Ka bi faifan da manhajar kashe bairos tukuna, in ba haka ba cutar da ta sa kwamfutar nauyi kai da kanka za ka mayar da ita. In an gama, ka duba yawan fayiloli da nauyinsu a can da nan ko sun yi daidai, sannan ka buɗe wasu ka gani da idonka. Suna a jere ba shi ne shaida ba, mun ga haka a zaure.

Abin da ya fi damuna shi ne me mai gyaran ya kwasa. Da yawansu foldojin Documents da Pictures, na takardu da hotuna, suke ɗauka su ce an gama, a bar Desktop, wato fuskar kwamfuta, da Downloads, inda abin da aka sauko daga intanet ke zama, alhali babanka komai a fuskar kwamfuta yake zubarwa. In ka ga wani abu babu, dakatar da aiki da ita nan take, kada ka sa mata komai, domin sabon abu a kan gurbin tsohon yake kwanciya. Ka duba ko akwai folda mai suna Windows.old, inda tsohuwar Windows da fayilolin da ke tare da ita kan rage. Ana samunta ne in ba a goge faifan cikin gaba ɗaya ba, kuma Windows na iya share ta da kanta bayan kwana 10. In da gaske fomatin aka yi, sai masu manhajar tono fayiloli, su ma sa'a ce, musamman in faifan irin na zamani ne da ake kira SSD. Ka kuma gwada shiga asusunsa na Google ko OneDrive in mahaifiyarka ta san kalmar sirrin, wataƙila wani abu ya hau can.

Manhajoji ba sa dawowa da kwafi, sai an sake girka su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma wani abu da mai gyara ba zai sani ba. Tsofaffin rubuce-rubucen babanka na Hausa, irin tarihin gidanmu da ya daɗe yana tarawa, ya fara su ne tun lokacin da sai an sa wa kwamfuta wasu haruffa na musamman kafin ta fitar da ƙ da ɗ da ɓ. Fomatin ya tafi da haruffan nan. In ka buɗe ka ga alamomi barkatai a gurbin masu lanƙwasa, rubutun bai lalace ba, haruffan za a nemo a mayar. Kada ka ce shara ce.

Ku yaran yanzu komai naku a share a sake sabo. Waya ta yi nauyi, a goge. Hoto ya yi yawa, a goge. Kuna da wurin ajiyar da zai ɗauke kundin Malam sau dubu, amma ba mai zama sau ɗaya a shekara ya yi abin da almajirin nan ke yi. Inna kan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Babanka ma, Allah Ya jiƙansa, da ya ajiye kwafi a wani gida da yanzu ba a hannun mai gyara muke neman tarihinmu ba.

Saura batun hotuna da saƙonni, wanda na san shi ne ainihin abin da ke cin ranka ko da ba ka faɗa ba. A adakar Malam an sami wasu takardu ɗaure da zare daban. Baffa ya dubi layin farko, ya mayar ya ɗaure, ya aika wa Inna cikin gida. Ba a karanta su a zaure ba, ba a kuma ƙona su ba, abin da ta yi da su ita ta sani. Ni ba zan ce maka share ba, ba zan ce buɗe ba. Ka bari mahaifiyarka ta fita takaba a ji ta bakinta. Na lissafi kuwa ba kai kaɗai za ka buɗe ba, sai ina nan, da kawunka, da wani daga waje.

Gobe da safe ka koma wurin mai gyaran. Wasunsu a tasu kwamfutar suke fara sauke kayan mutane kafin su zuba a faifai. Ka tambaye shi da ladabi ko akwai saura a wurinsa. In akwai, ku gwada da naka, abin da babu a naka ka karɓa, sannan ya goge nasa a gabanka. Ka tafi da ƙaninka, kada ka je kai kaɗai. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe ranar Juma'a bayan an sauko, in sha Allahu.