Ku je, amma kada ku fara da cin abincin

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce za ku zaga lardin Mpumalanga na Afirka ta Kudu da yara, kina tambaya ko ya dace ku ratse Pilgrim's Rest, tsohon garin haƙar zinariya, ku ci abinci a gidajen nan da aka ƙawata da kayan haƙar zinariya, ko kuwa ado ne kawai na tatsar baƙi. Sau biyu na je garin. Shawarata ku je, amma ku bar cin abincin sai ƙarshe.

Zuwana na farko da yunwa muka sauka, muka zarce teburi. Na ga diga da shebur a bango, ga fitilun shiga rami, ga tsofaffin hotuna, ban ɗauke su a bakin komai ba. Kuma mun yi karo da motar 'yan yawon buɗe ido, sai da muka daɗe kafin abinci ya iso. Na tashi ina ganin an yi asarar mai.

A zuwa na biyu sai muka fara da rafi. A wannan kwarin ne wani mai suna Alec Patterson ya tsinci zinariya a 1873. Ana masa laƙabi da "Wheelbarrow" saboda a baro yake tura kayansa duk inda za shi. Kafin a ankara mahaƙa sun cika wurin. Daga baya, a 1895, kamfanin Transvaal Gold Mining Estates ya haɗe filayen, aiki ya koma cikin ramuka har farkon shekarun 1970. A 1986 aka ayyana garin a matsayin wurin tarihi na ƙasa, shi ya sa har yau gidajen na katako da kwano ne. Akwai masu nuna wa baƙi yadda ake wankin zinariya: ki ɗebo yashi a faranti mai zurfi, ki riƙa kaɗawa cikin ruwa, yashin yana zubewa, zinariyar tana kwantawa a ƙasa domin ta fi yashi nauyi kusan sau bakwai. Minti ashirin na yi a tsugune, bayana ya ƙage, yatsuna suka sandare don sanyin ruwan. Da muka shiga gidan abincin na ga irin farantin a rataye, wallahi da wani ido na dube shi.

Abincin kansa na masu aikin ƙarfi ne. Ku nemi potjiekos, dahuwar nama da kayan lambu a baƙar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, wadda ake bari a kan garwashi sa'o'i ba a juyawa. Na jelar sa ya fi yi mini daɗi. Yara za su so vetkoek, ƙullin fulawa soyayye da ake cusa wa niƙaƙƙen nama. Ki tambayi wane nama ne a tukunya kafin a zuba, kuma wasu suna sa giya a dahuwar, ki tambayi wannan ma. Idan ba ki gamsu ba, yankin na da kifin trout. A ajiye wa mai kawo abinci kashi goma cikin ɗari na kuɗin, haka ake yi a can.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hotunan. Turawan da ke tsaye da hula, yawanci an rubuta sunansu a ƙasa. Baƙaƙen fatan da ke bayansu riƙe da diga, su ne mafi yawa, ba wanda aka ambata. Amma abincinsu yana kan teburin: pap, tuwon farar masara, shi ne abin da ake ciyar da leburorin ma'adinai da shi a ƙasar. Yawancinsu daga ƙauyuka masu nisa aka kwaso su, har daga Mozambik. Ƙurar dutse ta cinye huhun dubban masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu, kuma sai a 2018 manyan kamfanoni suka amince da diyyar rand (kuɗin ƙasar) biliyan 5 ga masu wannan ciwo da tarin fuka. Na tambayi matar da ta kawo mana abinci ko tana da wani a cikinsu. Ta ce kakanta a rami ya yi aiki, ta tsaya ta ba mu labarinsa har tuwona ya huce. Ki sa yaranki su yi irin wannan tambaya cikin ladabi, idan wurin ba cunkoso.

Daga Graskop, garin da ke kusa da wurin, tafiyar ba nisa, sai dai hanyar tana da kwana-kwana da hazo, kada ku bari dare ya same ku. Ku isa da hantsi, ku yi rafi da gidan tarihi, ku zauna cin abinci wajen ƙarfe biyu bayan motocin baƙi sun watse. Allah ya kai ku lafiya.