Ganyen bonsai ɗina ya yi baƙi yana danƙo: fumfuna ce ko ƙwaro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina renon wata bishiyar bonsai (wato bishiyar da ake datsewa don ta zauna 'yar ƙarama) ta dangin Ficus, wato dangin ɓaure, a cikin ɗan kasko. A 'yan makonnin nan ganyenta ya fara danƙo, wani baƙin abu mai kama da kunkunniya ya lulluɓe shi, kiyashi kuma suna ta hawa da sauka a jikinta. Na fesa maganin fumfuna sau biyu ban ga canji ba, da ganyen ya fara rawaya kuma sai na ƙara mata ruwa. Me ke damunta? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Baƙin da kike gani fumfuna ce, amma ba ita ce cutar ba, shi ya sa maganin da kika fesa bai yi aiki ba. Wannan fumfunar ba ta shiga cikin ganye, tana tsirowa ne a kan darɓa, wato ruwa mai zaƙi da ƙwarin da ke tsotsar bishiya suke fitarwa, kuma darɓar ce ta jawo kiyashin. Muddin ƙwarin na nan, ko sau goma kika goge baƙin zai dawo.

Ki ɗauki gilashin ƙara girman abu ki duba bayan ganye da kusurwar da reshe ya haɗu da gangar jiki. Idan kika ga fararen dunƙule kamar an yayyafa auduga, ko ƙananan ƙuraje masu ruwan ƙasa da suke manne ba sa motsi amma suna ɓamɓaruwa da farce, to kin samu masu laifin. Masu kama da ƙuraje sun fi yaudarar mutane, domin ana ɗaukarsu wani ɓangare ne na ɓawon itacen, kuma ɓawon da ke rufe jikinsu yana kare su daga feshi. Da yake bonsai ƙarama ce, hannu ya fi kwalbar magani amfani: ki jiƙa auduga da sifirit irin na asibiti ki goge su ɗaya bayan ɗaya, sannan ki wanke ganyen da ruwa mai ɗan sabulu kaɗan. Bayan haka ki fesa man darbejiya da aka sirka bisa umarnin da ke jikin kwalbar, da yamma, domin mai a kan ganye cikin zafin rana yana ƙona shi. Ki maimaita duk bayan kwana 7, aƙalla sau uku, saboda feshin farko ba ya gamawa da ƙwai da 'ya'yan da ke ɓoye. Kiyashin ma ki tare musu hanya, domin suna kare waɗannan ƙwari daga masu cinye su. Ki kuma ware bishiyar daga sauran tsirranki har sai ta warke.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne ƙarin ruwan. Ganye yana yin rawaya idan bishiya na jin ƙishi, yana kuma yin rawaya idan saiwarta ta ruɓe, domin ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jan ruwa ko da kaskon ya cika. A ƙasar da ke jiƙe kullum iska ba ta kaiwa ga saiwa, a nan ne kuma ƙwayoyin cuta irin su Pythium da Phytophthora ke samun wurin zama. Ki tura yatsa ko tsinke kimanin santimita 1 zuwa 2 cikin ƙasar, kada ki zuba ruwa sai kin ji saman ya fara bushewa. Idan ƙasar na wari, ki ɗago bishiyar a hankali ki duba: lafiyayyar saiwa tana da ƙwari da haske, ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce, tana dagargajewa a hannu. Ki yanke ruɓaɓɓen da almakashin da kika goge da sifirit, ki wanke kaskon, ki tabbatar ramukan ƙasansa a buɗe suke, ki sake dasawa a ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa irin akadama da masu wannan sana'a a Japan suke amfani da ita, ko wata mai saurin tsane ruwa. Ki ajiye ta a inuwa mai haske, kada ki ba ta taki sai ta fitar da sabon toho.

Tambaya: Lokacin da na zo canza wa bonsai ɗina na dangin Pinus (bishiya mai ganye kamar allura) kasko, na tarar da wasu fararen zare sun lulluɓe saiwar. In wanke su da maganin fumfuna? Daga wani mai karatu.

Amsa: Kada ka wanke, Malam. Idan zaren yana ƙamshin danyar ƙasa kuma saiwar na da ƙwari, wannan fumfuna ce mai amfani da ke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da bishiyar: tana taimaka mata jan ruwa da sinadarai, ita kuma tana samun sukari daga gare ta. Ka ma bar ɗan tsohuwar ƙasar a sabon kaskon domin ta ci gaba da yaɗuwa. Abu guda za ka tantance da gilashi, shi ne ko akwai ƙananan ƙwari masu motsi a cikin farin, domin akwai kwarkwatar saiwa da ke barin farin gari mai kama da wannan. Idan ka gan su, sai ka kakkaɓe ƙasar, ka wanke saiwar da kaskon, ka dasa a sabuwar ƙasa.