Me Ya Sa Gidajen Rediyo Ke Haɗa Hannu Kan Ƙirƙirarriyar Basira?

Tambaya: Malam, na ji an ce kafafen yaɗa labarai na Turai suna haɗa kai wajen ƙera manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Me ya hana kowace tasha ta yi nata? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, dalili na farko shi ne tsada, domin horar da manhaja tana buƙatar ƙwararrun injiniyoyi da tarin muryoyi da rubuce-rubuce waɗanda tasha ɗaya ba kasafai take iya tarawa ba. Shi ya sa Ƙungiyar Kafafen Yaɗa Labarai ta Turai, EBU, mai hedikwata a Janeba, ta samar da EuroVOX tare da mambobinta, manhajar da ke mayar da magana rubutu, ta kuma fassara shi zuwa wasu harsuna. A shekarar 2021 suka fara musayar rahotanni ta wannan hanya, ta yadda labarin da aka shirya a Faransa zai isa ga mai karatu a Jamus cikin harshensa, amma editoci ne ke zaɓar abin da za a wallafa.

A ganina, wannan sa hannun edita shi ne ginshiƙin aikin, domin na'ura tana iya juya sunan mutum ko adadin waɗanda suka rasu, kuma tashar ce mai sauraro zai tuhuma.